Uwar Tukwanen Gwaggo

Birni, Damagaram
Ranar Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga Yayana Idirisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga ƙanwarka Zuwaira, tare da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ramlatu da yara baki ɗaya. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar da aka ce yana wahalar da kai wajen hawa benen biro, wurin aikinka, ya raya mana zuri'a, ya sa mu gama da duniya lafiya. Mu nan Damagaram sai godiya. Maigidana Malam Mahamud ya warke daga masassarar da ta kwantar da shi bayan salla, har ya koma rumfarsa ta dukanci yana faɗa da masu taya jaka. 'Yata Fatima ta ci jarabawar brebe, bana za ta shiga lise, babbar sakandare, tana ta hura hanci a gida kamar ita ta fara. Ruwan famfo kuwa ka san halinsa, yau kwana huɗu bai leƙo unguwarmu ba, randunan Gwaggo ne ke rufa mana asiri.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga salula a hannun kowa. Sau biyar ka kira ni cikin makon nan, duk na ga kiran, ban ɗauka ba. Ka yafe mini. Ba raini ba ne, tsoron bakina nake ji, don in na fara magana a kan littafin nan ina iya faɗa wa yayana abin da bai kamata ba. Saƙon muryarka ma na saurare shi har sau biyu. Ka ce Mushe Rashid, abokinka mai gidan buga littattafai, ya gaya maka na ƙi sa hannu a fara bugawa, ka ce na ba ka kunya, kuma wai mutum mai hankali ba ya jiran abu shekara bakwai sannan ya ture shi da ƙafa ranar da ya iso. Gaskiya ne na ƙi sa hannu, kuma ba zan sa ba. Amma rabin labarin kawai aka ba ka, shi ya sa na zauna in ba ka sauran.

Kai ba ka zauna Mirriya ba sai da hutu, ni ce aka kai wa Gwaggo Hajara riƙo tun ina shekara huɗu, don haka bari in tuna maka abin da wataƙila ka manta. A kusurwar ɗakinta akwai wata tsohuwar tukunya baƙa, bakinta a ɓantare, wadda tun da muka taso ba a taɓa dafa komai a cikinta ba. Ita ce Gwaggo ke kira uwar tukwane. Ta gaje ta wurin Kaka Husaina, ita kuma wurin tata uwar. In za ta yi gini sai ta kifa ta a ƙasa, ta barbaɗa mata toka, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta, ta bi shi da ɗan dutse tana bubbugawa har ya ɗauki siffarta. In ya sha iska sai ta ɗaga shi, ta juyo shi, ta ƙarasa wuya da baki da hannu. To uwar nan tana da ɗan lotsi a gefe, daidai faɗin babban yatsa, saboda haka duk tukunya ko randar da aka gina a bayanta tana fitowa da ɗan tudu daga ciki. Gwaggo cibiya take ce masa. Ina yarinya, ranar Lahadi in mun shiga kasuwa, ko mun je suna wani gida, sai ta ce in zura hannu cikin randar mutane in lalubo. In na ji cibiya, to 'yar gidanmu ce, sai mu gaishe ta.

Wannan shi ne littafin gaba ɗaya, Yaya. Yarinya ce mai suna Zakiyya take bin gari tana zura hannu cikin tukwane tana neman 'yan'uwan randar gidansu, har ta gano duk uwa ɗaya ta haife su, a ɗakin kakarta. Bai kai kalma ɗari huɗu ba. Na rubuta shi ne don na gaji da tsayawa gaban 'yan ajina na farko ba ni da littafin hoto ko ɗaya da yaro zai buɗe ya ga gidansu a ciki. Akwai kuma dalilin da ban taɓa faɗa maka ba. Gwaggo ba ta da 'ya mace sai ni, ni kuwa lakwal, makarantar boko, ta ɗauke ni kafin hannuna ya nuna, ban iya ginin ko kasko ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma na san uwar tukwane a kaina za ta tsaya. Sai na ga in ban iya gina tukunya ba, aƙalla in gina wannan. Da na karanta wa yara shi a aji, washegari uwaye uku suka aiko a tambaye ni me na koya wa 'ya'yansu da suke zura hannu cikin ruwan sha. Ranar na san labarin ya kama.

Abin da ya biyo baya ka san wani, wani kuwa na ɓoye maka don kada ka ce ina da ƙorafi. Wata ƙungiya ce ta fara karɓarsa, suka kira ni atalye, taron gyaran littafi, can Yamai inda kake, kwana biyar a otel. Mutum ashirin da biyu muka zauna a kan labarin da yaro zai karance kafin shayi ya huce. A cikinsu babu wanda ya taɓa taɓa yumɓu, amma kowa da gyaransa. Wani ya ce a sa Zakiyya ta wanke hannu da sabulu a kowane shafi, na ce to, da ma uwayen ajina sun riga shi, a sa sau ɗaya. Wata ta ce a sa ta dasa itace. Wani mai ƙaton tabarau ya yi rabin yini yana bayani cewa kaka ta cika tsufa, yara ba za su so ta ba. Ban ga sun haɗa baki a kan komai ba sai lokacin da aka ce an kawo abinci. Na dawo gida na gyara abin da zan iya haɗiyewa, na aika. Bayan wata tara aka ce mini furojen, wato shirin nasu, ya ƙare, wanda ke riƙe da dosiyen takarduna ya koma wani aiki, ba a san inda ya ajiye shi ba. Sai korona ta zo ta rufe sauran ƙofofin, shekara biyu ba wanda ya amsa mini ko sallama.

Daga nan ne ka kai ni wurin Mushe Rashid, kuma har gobe ina gode maka, don da zuciya ɗaya ka yi. Sai dai shekara ukun da littafin ya yi a gidansa, mutum uku daban-daban suka riƙe shi, kowane ya zo sai ya kira ni ya tambaye ni ko ni ce wa. Kowannensu na aika masa hotunan Gwaggo tana aiki, guda arba'in da ɗaya, da bidiyon da Fatima ta ɗauka tun daga kwaɓa yumɓu har ɗaga tukunya daga bayan uwa. Sau uku ke nan ina aika abu ɗaya. Na roƙa a turo mai zanen ya zo ya gani da idonsa, na ce ɗakin baƙinmu na nan, tuwo ba zai gagara ba, Mirriya kuwa ko awa ɗaya ba a yi daga tasha. Aka ce mini ba sai ya zo ba, ƙwararre ne.

Yau mako huɗu ke nan aka aiko mini da samfurin littafin cikin ambulan ta motar kar, da takardar da zan sa wa hannu. A tasha na buɗe shi don ban iya haƙurin isa gida ba. Zan faɗi gaskiya, zanen ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fi ba ni haushi. Launi ya zauna, idon yarinyar kamar ta yi magana. Amma da na kai shafi na uku sai na ga wata mata zaune bisa kujera, ta ɗaura wani farin ƙyalle a gaba kamar mai aikin gidan likita, a gabanta wani faifan ƙarfe mai juyawa wanda ake takawa da ƙafa, yumɓu na tashi a tsakiyarsa. A ƙarƙashi an rubuta Kaka Hajara. Na juya shafi, na sake juyawa, har bango. Hoto ashirin da huɗu, babu uwar tukwane ko a ɗaya. Na ce a raina kuskure ne, za a gyara. Sai na koma kan rubutun. An bi jimlolina an cire duk inda uwa take, an cire cibiya. Zakiyya yanzu yawo kawai take a kasuwa tana ƙirga tukwane daga ɗaya zuwa goma, a ƙarshe ta wanke hannu. Sunana kuwa yana nan a bango da manyan baƙaƙe.

Na kira Madam Lubna, wadda littafin ya koma hannunta bayan waɗancan ukun. Mace ce mai ladabi, ban ga laifin bakinta ba, abin da ya fito daga bakin ne na kasa haɗiyewa. Ta ce mai zanen bai samu hotunana ba, sun tafi da salular wanda ya riga ta, sai ya duba intanet ya ga yadda ake ginin tukwane ya zana. Ɗan ƙasar nan ne fa, Yaya, ba baƙo ba, wanda na tabbata daga randa ya sha ruwa har ya girma. Ta ce da suka lura zane da rubutu ba su dace ba, sai komite ya zauna ya ga gyara jimla takwas ya fi sauƙi a kan sake hoto ashirin da huɗu. Na tambaye ta me ya hana a kira ni, ta ce ba su so su dame ni ba. Ta ƙara da cewa masu ɗaukar nauyin bugun sun ma fi son haka, don faifan nan yana nuna ci gaba, kuma ai yara ba za su lura ba. Yaran Mirriya ne ba za su lura ba, waɗanda a bayan uwayensu suka yi barci ana bubbuga yumɓu? Ta rufe da cewa in ban sa hannu ba kafin ƙarshen wata, littafin zai fita daga jerin na bana, kuma ba ta san ranar da zai sake shiga ba. Wallahi da na ajiye salular sai da na kurkure bakina, don ji na yi kamar na tauna abin da ya lalace.

Duk da haka kada ka ɗauka ban yi rawa ba. Na ɗauki alƙalami zan sa hannu har sau biyu ina ajiyewa, kuma ka san saboda wa. Idon Gwaggo na hagu ya tafi, na dama ma likita ya ce yana bin sawu, yanzu sai ta kawo abu daf da hancinta take gane shi. Shekara biyu ke nan rabonta da gini. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, don haka a wurinta hotunan su ne littafin. Duk zuwan da zan yi sai ta tambaye ni ko yarinyar takarda ta fito, tun tana tambaya da dariya har ta koma yi a hankali, kamar mai tambayar marar lafiya. Na ce wa kaina ko ba komai ta riƙe littafi a hannunta tun tana iya ganin launi. Malam Mahamud ne ya ce kafin in sa hannu in kai mata ta gani, tun da da sunanta aka yi. Ranar Lahadi na hau mota na tafi.

Na iske ta a inuwar ɗaki tana tsince wake da lalube. Na ba ta takardun. Ta goge hannu a zane, ta kai su daf da idonta, ta daɗe a kan kowane shafi. Yarinyar ta burge ta, ta ce ga kitso ya yi kyau. Da ta iso wurin matar mai faifai sai ta karkata takardar wajen haske, ta tambaye ni wannan baiwar Allah mutuniyar wace ƙasa ce. Yaya, bakina ya ƙi buɗuwa in ce mata ita ce. Na ce daga nesa take. Ta tambayi sunanta, na ce Hajara. Sai ta yi murna, ta ce ashe takwara ce. Ta ci gaba da juya shafi tana neman wani abu, ta koma baya, ta sake dubawa, sannan ta tambaye ni ina uwar tukwanen matar. Na ce ba ta da ita. Ta ajiye takardun a cinya, ta ce Allah sarki, marainiya ce ke nan, ba wanda ya bar mata abin da za ta yi gini a kai, shi ya sa take wahalar da ƙafarta tana juya ƙarfe. Ta ce tukwanenta ma duk marayu za su fito, ba mai gane ɗan'uwansa.

Ina zaune ina jiran ta tambayi nata littafin, ba ta tambaya ba. Cewa ta yi ba za a bar takwararta haka ba, in tashi in jiƙa yumɓu wurin Ummul Khairi maƙwabciyarta. Na ce mata idonta, ta ce da ma ba da ido take gini ba. Ranar Lahadin da ta biyo na koma, muka kifa uwar tukwane a tsakar gida. Ita ke bubbugawa, ni ke miƙo mata toka, daga baya ta kama hannuna ta ɗora a kan yumɓun ta ce in bi inda nata ya bi. Shekara talatin da wani abu rabon da in taɓa laka, ta yi ta yi mini tsiya wai hannun alli ne da ni. Ta gina tukunyar da kauri, don ta ce wadda za ta zama uwa sai ta jure duka. Da muka juyo ta na zura hannu na ji cibiyarta. Kafin ta bushe Gwaggo ta lalubi gefenta daga waje, ta danna babban yatsanta ta yi mata lotsi, don 'ya'yan da za a gina a bayanta su ma su fito da tasu. Ummul Khairi ta haɗa ta da nata tukwanen ta gasa, ta fito lafiya ba tsaga.

A hanyar dawowa ne na san ba zan sa hannu ba. In na sa, na yarda ke nan a raba wa yaran ƙasar nan littafi mai sunan Gwaggo da nawa, wanda ke cewa Gwaggo ba ta da uwa, kuma ba ta bar wa kowa komai ba. Na san abin da ƙin nawa zai ci. Mai yiwuwa littafin ba zai fito ba sam, in ma ya fito wata rana, da wuya idonta ya jira shi. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma na yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba. Amma takaicin da nake ji ba naka ba ne, na mutanen da suka ga ya fi sauƙi su gyara tsohuwa a kan su gyara hoto ne. Shekara bakwai ina cewa to, na gode, Allah ya saka. Wannan karon to ɗin ta ƙare mini.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Kwalin da aka ba ka tare da takardar nan, tukunyar ce a ciki, na naɗe ta da tsofaffin zannuwa, a yi hankali wajen buɗewa. Gwaggo ta sa na yi mata alkawari za ta isa hannun takwararta, ni kuwa ban san gidan matar ba, su suka san inda suka samo ta. Don girman Allah ka ɗauke ta da kanka ka kai wa Mushe Rashid, ka ce a kira mai zanen. Kada ka yi musu faɗa, kada kuma ka ba su haƙuri a madadina. Ka kifa ta a kan teburinsa, ka nuna musu lotsin, sannan ka juyo ta ka ce kowannensu ya zura hannu ya laluba. In bayan haka sun ga za su sake zanen, ɗakin baƙinmu na nan, ni kuma zan jira ko shekara nawa ne. In sun ce a'a, su maido mini da labarina yadda na ba su shi, amma tukunyar su riƙe, don ba ni aka ba ba.

Ka gaishe mini da Yaya Ramlatu da kyau, ka ce mata kukar da ta ce a aiko tana cikin kwalin, a gefe. Ka gaishe da Sha'ibu da Mala, Allah ya ba su sa'ar karatu, ka ce gwaggonsu na jiran su da hutu. Malam Mahamud yana gaishe ka, Fatima ma haka, Ummul Khairi ta ce a gaishe da mutanen Yamai. Gwaggo ta ce in gaya maka ka rage hawan bene, ka kuma zo ta gan ka tun tana gani. Ta ce in ka sadu da takwararta ka gaishe ta, ka gaya mata ta riƙa barbaɗa toka sosai kafin ta shimfiɗa yumɓu, don sabuwar uwa tana da riƙe 'ya'ya.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Zuwaira